Noti ɗaya ya mayar da ni gadon asibiti

Noti ne ɗan mitsitsi, irin wanda sifana mai lamba 13 ke kuncewa. Ya suɓuce daga hannuna, ya yi tsalle sau biyu a kan siminti, ya gangara ya tsaya a gefen ƙafata ta dama, ta waje. Ina zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota da muka cire muka ajiye a gareji, tsayinta daga ƙasa da ƙyar ya wuce taƙi ɗaya. Na sunkuya, gwiwata ta karkata ciki, na miƙa hannu. Har yau ban taɓa notin nan ba.

Wani "ƙwal" na ji mai nauyi daga can cikin ɗuwawu, irin wanda bakanike ke ji a tafin hannunsa idan bol-joyin, ƙwallon ƙarfen nan da ke juyawa a ƙafar mota, ya saki daga gurbinsa. Daƙiƙa ɗaya ko biyu shiru. Sai zafin ya iso. Na taɓa karya yatsa, inji ya taɓa faɗo mini a ƙafa, amma wannan daban yake, kamar an soka maka rodi mai zafi ta baya ana murzawa. Da na dubi ƙafar sai na ga kamar ba tawa ba. Ta gajarce, gwiwar ta kwanta a kan ɗaya cinyar, yatsun suna kallon ɗaya ƙafar. Na yi yunƙurin motsa ta, ko gezau.

Mako 7 ke nan da canja mini gaɓar kwatangwalo ta dama. Shekaruna 59 a lokacin, 34 daga ciki a ƙarƙashin mota na yi su. Guringuntsin gaɓar ya cinye ƙarƙaf, ƙashi na gugar ƙashi. Ciwon a matsematsi yake, yana sauka har gwiwa, abin da ya sa na yi shekara biyu ina shafa wa gwiwa magani alhali ita lafiyarta lau. Ranar da likita ya ɗauko samfurin abin da zai sa mini ya ɗora a tebur, dariya na yi, domin na san kayan. Ƙoƙo ne na ƙarfe da ake kafawa a ƙashin ƙugu, a shimfiɗa masa roba mai tauri a ciki. Sai wani dogon ƙarfe da ake turawa cikin ramin ɓargon ƙashin cinya, yana da wuya, a kan wuyan a ɗora ƙwallo na tangaran. Na ce, "Likita, ai wannan bol-joyin ne." Ya ce, "Shi ne, Baba, sai dai babu abin da ya kulle shi."

Wannan maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, ga shi kuwa ita ce gaba ɗayan zancen. Gaɓar da aka haife mu da ita tana da gurbi mai zurfi, da leɓe na guringuntsi da ke riƙe kan ƙashin kamar murfi, da jaka mai kauri da ta lulluɓe su, kuma kan ƙashin babba ne, na babban namiji yakan kai wajen milimita 50. Wanda aka sa mini milimita 32 ne. Zaune kawai yake a cikin ƙoƙon, tsokoki da jakar da aka ɗinke ne ke danne shi. Ni ta baya aka shiga aka yi mini aikin, wato sai da aka yanka ƙananan tsokokin da ke juya cinya da bayan jakar, aka gama aka ɗinke. Kafin ɗinkin nan ya zama tabo mai ƙwari sai ya ɗauki mako 6 zuwa 12. Shi ya sa mafi yawan gocewa a watanni ukun farko take faruwa.

An ba ni dokoki uku kafin a sallame ni. Idan kana zaune, kada gwiwa ta fi ƙugu bisa, kuma kada ka sunkuya har cinya da ciki su matse fiye da digiri 90. Kada ka harɗe ƙafa. Kada ka juya ƙafar ciki. Mai gashin ƙashi ta sa na maimaita su kamar ɗan firamare. Ranar notin nan na haɗa ukun a motsi guda: kujera gajera, gwiwa a ciki, hannu ta wajen ƙafa. Da wani ya ce in nuna wa ɗalibai yadda ake fitar da ƙwallo daga ƙoƙo, da ban iya yin abin da ya fi haka kyau ba.

Abin da ya yaudare ni shi ne daɗi. Ciwon da na yi shekaru da shi ya ɓace tun a makon farko, na ɗinkin ma ya lafa a na uku. A mako na biyar na jingine sanda. Mu da muka saba da jiki magayi, in bai yi magana ba sai mu ɗauka komai ya daidaita. Ƙarfe da tangaran kuwa ba su da bakin magana, ba sa yi maka kashedi kafin su kai maƙura. Da safen nan maiɗakina ta ga ina neman makulli ta ce, "Malam, ina zuwa?" Na ce zan leƙa yaran nan ne kawai, ba zan taɓa komai ba. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya tsare." Ta san hali.

Ina kwance a ƙasa ina haɗa gumi, babban yarona ya durƙusa ya kama diddigen. "Oga, gocewa ce, bari in ja ta ta koma." Ihun da na yi masa har yau yana tuna mini. Da ya ja, da labarin ya canja. Idan gaɓa ta goce, tsokokin wurin suna ɗaurewa tamau, ba mai iya rinjayarsu sai an sa mutum barci sun saki. Wanda ya ja da ƙarfi yana iya tsaga ƙashin cinya a kewayen ƙarfen, ko ya raunata babbar jijiyar da ta bi ta bayan gaɓar ta sauka har tafin ƙafa. Abin yi shi ne a bar ƙafar yadda take, a tokare ta da matashi ko tsumma, a ɗauki mutum a kwance. Sai kuma kada a ba shi ci ko sha. Ni na riga na ci abinci kafin abin ya faru, tambayar farko da mai allurar barci ya yi mini ke nan, kuma saboda haka sai da na ƙara jiran wasu awoyi da allurar rage zafi kawai.

Hoton ya nuna ƙwallon a zaune sama da ƙoƙon, fari fat, kamar wata ya leƙo ta bayan katanga. Likitan ya ce in ɗaga babban yatsa, in ɗaga ƙafar daga idon sawu, ya shafa saman ƙafar ya tambaya ko ina ji. Jijiyar nan yake dubawa. Yadda aka mayar da shi ban gani ba, wata nas ce ta ba ni labari da na farka. Ta ce mutum ɗaya ya danne mini ƙugu da hannu biyu, likitan ya hau kan gadon, ya lanƙwasa gwiwar, ya ja cinyar sama yana ɗan jujjuyawa, sai ji suka yi "ƙwal". Ba a yanka ko'ina ba. Na buɗe ido zafin ya tafi kamar an kashe fitila, ƙafafuna biyu tsayinsu ɗaya.

Daga nan sai tambaya. "Me ka yi?" Likita ya yi ta, nas ta yi ta, mai gashin ƙashi ta yi ta, duk wanda ya zo dubiya da ita yake farawa bayan sannu. Na faɗi gaskiya, aka yi ta girgiza kai, ni ma na girgiza nawa. Laifina ne, ban musa ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Aka ɗaura mini wata ɗamara ta roba da ƙarfe, daga ƙugu zuwa cinya, mai hana ƙafar lanƙwasawa da yawa ko shigowa ciki. Mako 6 na yi da ita, dare da rana. Tana goge fata, tana sa ƙaiƙayi, wando ba ya shiga ta daɗi. Na zama mutum mafi bin doka a duniya. Aka ɗora wa masai abin ƙara tsawo. Aka sa wa ƙafafun kujerata katako. Ina kwana rigingine da matashi a tsakanin cinyoyi. Takalmi da dogon cokalin takalmi nake sa shi, abu in ya faɗi sai in tsaya a kansa in yi kira. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Motsa jikin da aka koya mini, na buɗa ƙafa gefe don tsokar ɗuwawu ta yi ƙarfi, ban taɓa tsallake ko rana ɗaya ba.

A wata na biyar, da asuba, ina zaune a bakin gado, gado mai tsawo wanda aka auna aka tabbatar ya yi. Na ɗan ranƙwafa gaba don in miƙe, kamar yadda kowa ke yi. Ƙwal.

Wannan karon tambayar ta fi gocewar ciwo. "Me ka yi?" Ban yi komai ba. Sai ka ga mutum ya yi ɗan murmushi ya rubuta wani abu a takarda. 'Yata ta fari ta jira kowa ya fita, ta matso ta rage murya ta ce, "Baba, don Allah ka faɗa mini ni kaɗai, ba zan gaya wa Mama ba." Na juya fuska bango. Na fahimce su, wanda ya yi sau ɗaya shi ake zargi. Amma akwai wani abu a cikin tambayar nan da nake ganin bai dace ba, kuma saboda shi na zauna nake wannan rubutu. Tana ɗora komai a kan majinyaci tun kafin a duba kayan. A sana'armu, in mota ta dawo sau biyu da matsala iri ɗaya, ba na tsayawa ina tuhumar direba, ɗaga ta nake in shiga ƙarƙashi.

Wanda ya shiga ƙarƙashin wani dattijon likita ne da aka tura ni wurinsa. Bai tambaye ni abin da na yi ba. Ya ce in tashi, in yi tafiya, in zauna a kujera, yana kallona ta gefe. Can ya ce, "Malam, bayan nan naka fa, tun yaushe ya ƙage?" Na ce ai ya fi shekara goma, ciwon baya abokin kanikanci ne, ban ma ƙirga shi cikin cuta ba. Ya sa aka yi mini hoto ta gefe guda biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a zaune, da kuma hoton kwamfuta don auna yadda ƙoƙon ya zauna.

Ga abin da ya nuna mini, kuma zan faɗe shi yadda na gane shi. Ƙoƙon ba a kafa shi yadda aka ga dama, yana da kusurwa. Tun 1978 wani likita a Amurka mai suna Lewinnek ya fitar da ma'aunin da aka daɗe ana bi: ƙoƙon ya kishingiɗa wajen digiri 40, ya fuskanci gaba wajen digiri 15, da rangwamen digiri 10 ta kowane ɓangare. Nawa yana cikin wannan ma'auni daram. Wanda ya yi mini aikin farko bai yi kuskure ba. Matsalar ita ce ƙashin ƙugu ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Mai lafiyayyen baya idan ya zauna, ƙugunsa yana mirginawa baya, sai bakin ƙoƙon ya ƙara buɗewa ta gaba ya ba cinya hanya. Ni hotunana biyu da ya ɗora su gefe da gefe, ƙugun kusan bai motsa ba. Ƙashin bayan ya sandare, ya riƙe shi. Saboda haka duk lanƙwasawar da ya kamata baya da ƙugu su raba, gaɓar ce ke ɗaukarta ita kaɗai. Ina ranƙwafawa sai wuyan ƙarfen ya daki leɓen ƙoƙon ta gaba, ya zama madogara, ya ɓanɓaro ƙwallon ta baya. Na ce, "Likita, yadda muke sa ƙarfe a bakin wili mu ɓallo taya ke nan." Ya ajiye biro ya ce ba a taɓa faɗa masa shi daidai haka ba.

Ya ce ba ni kaɗai ba ne. Wani bincike da asibitin Mayo na Amurka ya wallafa a 2016 ya duba waɗanda gaɓarsu ta goce, ya samu fiye da rabinsu ƙoƙonsu yana cikin ma'aunin nan da ake ganin babu haɗari. Waɗanda aka taɓa yi wa aikin haɗe ƙasusuwan baya suna cikin masu haɗari sosai. Haka tsofaffi tukuf, da masu cutar karkarwa ta Parkinson, da masu mantuwar tsufa, da masu shan giya, da wanda tsokar ɗuwawunsa ta yi rauni, da wanda aka canja wa gaɓa saboda karayar wuyan ƙashin cinya. A jimlace dai gocewa ba ta da yawa, cikin mutum 100 da aka yi wa aikin farko, wajen 1 zuwa 3 ne. Amma ga wanda aka sake buɗewa aka gyara, adadin ya ninka. Wannan ya faɗa mini ne don in san abin da zan shiga, domin gyara ya ce za a yi.

Kafin nan sai da aka ɗebi jinina, aka kuma zuƙo ruwan gaɓar da allura, don a tabbatar babu ƙwayoyin cuta. Na ɗauka ɓata lokaci ne, sai da na kwana kusa da wani bawan Allah a ɗakin jinya. Shi tasa gaɓar ba ta taɓa gocewa ba. Wata 8 bayan aiki ya fara jin wani ciwo mai ci a hankali, ko yana kwance, sai wani ɗan ƙurji ya fito a kan tabon yana tsattsafo da ruwa. Ya yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da kansa, in ya sha ya lafa, in ya daina ya dawo. Ƙwayoyin cuta idan suka samu ƙarfe suna manne masa su yi wa kansu wata yauƙi kamar gansakuka, magani ba ya ratsa ta, jini kuma ba ya zagaya ƙarfe balle ya kai musu yaƙi. Sai da aka cire masa komai, aka sa wani na wucin gadi da aka yi da simintin ƙashi mai haɗe da magani, ya yi makonni yana karɓar allura ta jijiya, yana jiran a sake sa masa sabo. Abin yakan samu kamar mutum 1 cikin 100. Da dare na ji yana ce wa ɗansa, "Wannan na kusa da ni ai mai sa'a ne, tasa fita kawai take yi." Ban taɓa zaton wani zai yi sha'awar halin da nake ciki ba.

Sauran matsalolin an karanto mini su a takardar sa hannu, sau biyu yanzu, har na haddace. Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini na kusan mako 5 kuma ake tayar da mutum ya taka tun washegari. Ƙwauri in ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ba a jira gari ya waye. Ƙafa ɗaya tana iya fin ɗaya tsawo. Jijiya tana iya taɓuwa ƙafar ta riƙa ja a ƙasa. Ƙashi yana iya karyewa a kewayen ƙarfen in an faɗi. Can bayan shekaru kuma robar tana gogewa, garinta ya sa jiki ya riƙa cinye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen har ya yi sako-sako, ko da yake robar da aka fara amfani da ita daga ƙarshen shekarun 1990 ta rage wannan sosai.

'Yata, da yake ita ce mai bin intanet, ta zo da tata fargabar. Ta karanta labarin gaɓoɓin da ƙwallonsu da ƙoƙonsu duka ƙarfe ne, babu roba a tsakani. An yi su ne da manyan ƙwallaye, ɗaya daga cikin dalilan ma shi ne rage gocewa. Sai ya zamana gugar ƙarfe da ƙarfe na sakin sinadaran kobalt da kuromiyam, su lalata naman da ke kewaye, su shiga jini. A watan Agustan 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa mai suna ASR daga kasuwa, bayan an sa wa mutum kusan 93,000 a duniya, lokacin da rajistar gaɓoɓi ta Ingila da Wales ta nuna kusan mutum 1 cikin 8 sai an sake musu aiki cikin shekara 5. Garin gyaran gira ke nan. Nawa ba irinsa ba ne, amma da ta tambaye ni me aka sa mini, ban sani ba. Ni da ba na ɗaura wa motar mutum boris sai na duba lambarsa, ina yawo da kaya a jikina ban san sunansu ba.

Zancen girman ƙwallo kuwa ya ba ni sha'awa, na yi ta jan likitan da hira a kai har nas ta leƙo. John Charnley, Baturen Ingila da ya kafa wannan aiki a asibitin Wrightington, da ƙwallo ɗan milimita 22 ya yi suna. Ya fara da ƙoƙon wata roba da ake kira Teflon, ya goge cikin 'yan shekaru, dole ya sake buɗe mutane da yawa. A 1962 ya koma wata roba mai tauri, wadda jikokinta ne ake amfani da su har yau. Ya zaɓi ƙaramin ƙwallo ne don rage guga. To amma ƙaramin ƙwallo tazarar da zai hau kafin ya tsallake leɓen ƙoƙo kaɗan ce. Babba ya fi wuyar fita, sai dai yana buƙatar a rage kaurin robar. Shi ya sa yanzu aka fi tsayawa a 32 da 36. Kowane zaɓi da abin da yake ci, kamar dai komai na inji.

Ni zaɓi uku aka shimfiɗa mini. A ƙara girman ƙwallon, wanda ya ce ba zai wadatar ba ga mai baya irin nawa. Ko a sa roba mai zobe da ke kulle ƙwallon a ciki, sai dai tana rage motsi, kuma duk ƙarfin da ya kamata ya fitar da ƙwallon sai ya koma kan ƙoƙon yana girgiza shi. Ko a sa mai motsi biyu. Wannan wani likitan Faransa, Gilles Bousquet, ya ƙirƙiro shi a garin Saint-Étienne a shekarun 1970. Ƙaramin ƙwallo ne aka danna a cikin babban ƙwallon roba, shi kuma babban yana juyawa a cikin ƙoƙon ƙarfe mai santsi. Ƙaramin motsi, na ciki ke yi. In wuyan ya kai leɓe, maimakon ya ɓanɓaro, sai ya tura babban ya ci gaba da juyawa. Na juya samfurin a hannuna na fi minti biyar. Shi ma yana da nasa aibin, ƙaramin yana iya fita daga cikin robar, kuma in haka ta faru sai an buɗe. Na ce a sa shi.

Aikin gyara ya fi na farko nauyi. Na fi zubar da jini, na fi daɗewa da sanda, kuma sai da na yi wata huɗu kafin ɗingishi ya bar ni. Ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo da kusan santimita 1, da gangan aka yi don tsokoki su ɗaure, sai na sa ɗan tudu a cikin takalmin hagu. Akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu a gefen tabon da ba na jin taɓawa. Shekara biyu da wata uku yanzu bai sake fita ba.

Wani abokina da aka yi wa nasa ta gaba bara, ba a ba shi ko ɗaya daga dokokina ba. Shi cewa aka yi kada ya miƙar da ƙafar baya sosai yana juya ta waje, domin tasa in za ta fita ta gaba za ta fita. Akwai ma likitocin da suka rage waɗannan dokoki ga mafi yawan majinyatansu. Ya zo yana yi mini tsiya wai an tsorata ni a banza. Na ce masa ya bi na likitansa in bi na nawa, ba baya ɗaya muke da shi ba. Amma da ƙanwar maiɗakina ta zo neman shawara kafin nata aikin, abu huɗu na ce ta tambaya: ta ina za a shiga, nawa ne girman ƙwallon kuma da me aka yi shi, an duba bayanta a tsaye da a zaune, sannan a rubuta mata sunan kayan da lambarsu ta adana. Nawa yanzu suna cikin walat, a bayan lasin tuƙi.

Na tambayi dattijon nan shekara nawa wannan zai yi. Ya ce wani nazari da masana na jami'ar Bristol suka wallafa a 2019 ya nuna kusan 58 cikin 100 na gaɓoɓin da aka sa suna kai shekara 25, amma wannan lissafin aikin farko ne, ni kuwa na gyara ne, don haka in riƙa zuwa hoto ko ba na jin komai, tunda cin ƙashi ba ya sallama. Watan gobe ne ma zan koma.

Gareji ina zuwa kullum, amma ƙarƙashin mota na bar wa yara. Kujerar nan tun ina asibiti suka jefar da ita, suka sa aka yi mini wata doguwa mai hannu. Yaron da ya so jan ƙafata shi ya kawo mini wata sanda mai mayen ƙarfe a baki, irin wadda ake ciro noti da ita daga cikin inji, ya ƙara mata tsawo da waldi. Jiya wani washa, ɗan zoben nan da ake sa wa noti, ya faɗi, na kai sandar, ya ƙi tasowa. Na aluminiyam ne. Na tsaya a kansa na ƙwala kira.